Godiya ga waɗanda suka tsaya wa ƙungiya da kocinta a makonnin da aka sha wuya

Assalamu alaikum, 'yan uwa masoya ƙwallon ƙafa na jihar Kebbi.

Mu tsofaffin 'yan wasa da masu horarwa na nan Birnin Kebbi, bayan godiya ga Allah, muna gode wa duk wanda ya sa hannu aka kashe wutar da ta taso wa ƙungiyarmu da kocinta. Kowa ya ga inda aka kai: a je waje a sha kashi, a dawo gida a yi kunnen doki, maki ɗaya maimakon uku, har ƙungiya ta gangaro ƙasan teburi, 'yan kallo suka fara kiran a kori koci.

Ranka ya daɗe shugaban ƙungiya, kai da 'yan kwamitinka mun gode da kuka ƙi ba koci wa'adin wasa uku, ko ya gyara ko a kore shi, wannan al'adar da ta zama ruwan dare a ƙwallon Najeriya. Kocin da aka ɗora wa wa'adi ba ya sake tunanin gobe. Zai saka ɗan wasan da bai warke ba, ya ajiye yara masu tasowa a benci, ya tara kowa a baya don kada a ci shi. In kuma an kore shi, wanda zai gaje shi 'yan wasan da aka yi wa rajista ne dai zai tarar, ba shi da ikon ɗauko kowa sai an buɗe kasuwar tsakiyar kaka. Ga biyan ragowar kwantiragin tsohon, ga neman sabo mai lasisin CAF, hukumar ƙwallon ƙafa ta Afirka, da zai yarda ya karɓi ƙungiya a wannan hali.

Mun gode wa matasan da suka kwana suna yanka bidiyon wasannin baya, don su ne suka nuna inda ciwon yake. Yawancin ƙwallayen da ake zura mana suna shiga ne a ƙarshen wasa, ko daga bugun kusurwa. Na ƙarshen wasa gajiya ce. Ɗan wasan da ya yi minti 90 yana bukatar awa 48 zuwa 72 kafin ƙafarsa ta dawo, to ina ga wanda ya wuni a ƙudundune cikin mota, ya sauka da dare, gobe da la'asar ya shiga fili? Yanzu ana tashi kwana biyu kafin wasan waje, direba kuma yana tsayawa duk bayan awa biyu a sauka a miƙe ƙafa. Malam direba, Allah ya saka.

Zafinmu ma ba na wasa ba ne. A watan Maris da Afrilu yakan haura digiri 40. Mai kula da lafiyar 'yan wasa ya kawo ma'auni, ana auna kowa kafin atisaye da bayansa. Duk kilo ɗaya da ya zube, a sha kusan lita ɗaya da rabi, da ɗan ruwan gishiri da sukari. Atisaye mai nauyi ya koma bayan asuba, na dabaru kuma ƙarfe huɗu, daidai lokacin da ake take wasa. Iyayenmu mata masu girki sun yarda suna sauke shinkafa awa uku kafin wasa, sun rage mai da yaji. Mun san ba haka hannunku ya saba ba.

Batun kusurwa kuwa, da kowa na bin mutuminsa ne, sai abokan hamayya su tare ɗaya daga cikin 'yan bayanmu, nasu ya fito shi kaɗai ya sa kai. Koci ya gyara: dogaye uku su tsaya gaban gola ba sa bin kowa, ɗaya a jikin turken kusa, ɗaya a bakin yadi sha takwas yana jiran ƙwallon da za ta dawo, sauran su riƙe mutum. Ya kuma daina jinkirin canji. Tun 2022 doka ta tabbatar da canjin mutum biyar a dama uku, ban da hutun rabin lokaci, kuma yanzu ana ganin sabbin ƙafafu tun wajen minti 60. Koci, wannan gyaran naka ne. An zage ka a bainar jama'a, washegari muka gan ka a fili da ɗan littafinka a hannu kana jera mazugai kafin yara su iso. Mun gode da ba ka mayar da martani ba.

Baba mai kula da fili, wanda ke jan tiyo da fitilar hannu yana ba ciyawa ruwa cikin dare don kada ƙasa ta ƙone ta fasa wa yara gwiwa, ba mu manta da kai ba.

Babbar godiyarmu ga magoya baya ce, na gari da waɗanda suka taso daga Argungu, Jega, Yauri har Zuru. Ranar da rai ya fi ɓaci, dattawanku suka jeru a bakin hanyar da alƙalin wasa da koci ke fita, ba wanda ya jefa ko ledar ruwa ɗaya. Da an yi jifa ko an kutsa fili, hukuncin sananne ne: tara, rufe fili, kwashe maki, ko a kai wasannin gida wani gari. Ƙungiyar da ke ƙasan teburi ba ta iya ɗaukar ko ɗaya, kuma wanda ya faɗa daga gasar NNL, rukuni na biyu da muke ciki, zuwa NLO da ke ƙasa da ita ya san wuyar dawowa.

Har yanzu ba a tsallake ba, akwai sauran wasanni. Muna roƙon kwamiti ya ci gaba da biyan alawus da kuɗin cin wasa kafin a shiga mota, ku kuma magoya baya ku cika fili tun ƙarfe uku a wasan gida mai zuwa, yara su ji muryarku suna ɗumama jiki. Allah ya mayar da kowa gida lafiya.