Godiya Bayan Kammala Zaman Koyon Warware Wasannin Tura Katako

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Alhamdulillahi, mun kammala zaman horo kan rubuta gajerun manhajoji masu nemo hanya mafi kusa a wasannin tura katako, kowa ya koma gida lafiya. A madadin masu shiryawa, muna miƙa godiya ga wanda ya ba mu aron ɗakin karatu, da wanda ya zuba man janareta lokacin da aka ɗauke wuta, da iyayenmu mata da suka ɗauki nauyin abincin rana. Allah ya saka muku da mafificin alheri.

Godiya ta musamman ga malamarmu da ta ja ragamar ɓangaren Klotski, wasan da mutanen Sin ke kira Huarong Dao. Allonsa gurbi 20 ne, huɗu a faɗi, biyar a tsaye. Katakai goma ne: babba mai cin gurbi huɗu, dogaye huɗu a tsaye, ɗaya a kwance, ƙanana huɗu, sai gurbi biyu da babu komai. Abin nema shi ne a sauko da babban zuwa ƙofar da ke ƙasa ta tsakiya. Malama ta hana kowa taɓa kwamfuta sai ya faɗi yadda zai adana yanayin allo, kuma wallahi nan ne gishirin zaman. Wanda ya raɗa wa kowane katako sunansa, manhajarsa za ta ɗauki musayar wuri tsakanin ƙanana biyu a matsayin sabon yanayi, alhali a ido allon bai canza ba. Ƙanana huɗu suna jeruwa ta hanya 24, dogayen ma 24, don haka aikin na iya ninkuwa har sau 576. In kuwa siffa kaɗai aka rubuta, yanayi 25,955 ne ake iya kaiwa daga jerin farko. Siffofin biyar ne har da gurbin da ba komai, bit uku (bit shi ne gurbin 0 ko 1 a kwamfuta) ya ishi kowane gurbi, 60 ke nan, allon gaba ɗaya ya shige lamba guda mai bit 64. Tunda kuma ƙofar a tsakiya take, allo da hotonsa na madubi duk ɗaya ne. A adana ƙaramar lamba cikin biyun, aiki ya ragu kusan rabi.

Alƙalanmu, mun gode da haƙurin raba gardamar 81 da 116. Duka ɓangarorin biyu da BFS suka yi aiki, wato binciken zango-zango da ba ya zuwa mataki na gaba sai ya ƙare wanda yake kai, shi ya sa amsar farko da ya tarar ita ce mafi gajarta. Saɓanin a ƙidaya yake. In kowane taku na gurbi ɗaya motsi ne, amsar 116 ce. In kuwa tura katako ɗaya, ko taku nawa ya yi a jere, motsi ɗaya ne, amsar 81 ce, adadin da Martin Gardner ya wallafa a mujallar Scientific American a 1964. Mai neman 81 sai ya sa ƙaramin bincike a cikin babban: ga kowane katako, a tattaro duk inda zai iya isa ba tare da an taɓa wani ba. Da yawa sun manta cewa ƙaramin katako yana iya yin kwana, taku ɗaya gefe, ɗaya ƙasa, sai lissafinsu ya haura 81 suna ta neman kuskure a inda babu.

Yayyenmu da suka zauna kusa da sababbi suna duba musu layi-layi, ba mu da bakin gode muku. Kurakurai biyu suka fi kamawa. Na farko, sa wa yanayi alamar an gani lokacin fitar da shi daga layin jira, wato jerin yanayin da BFS bai duba ba tukuna, maimakon lokacin shigar da shi, sai yanayi ɗaya ya shiga layi sau da dama, ma'adana ta cika a banza. Na biyu na masu Python ne: cire abu daga kan jeri da pop(0), wanda ke tilasta matsar da duk sauran. A yi amfani da deque, jerin da ake cire abu daga kansa ba tare da matsar da sauran ba.

Muna kuma godiya ga malamin da ya kai mu wasan lambobi 15, wanda ake tura lambobi 1 zuwa 15 a allo mai gurbi 16 har su jeru, ya nuna inda ƙarfin BFS ya ƙare. Ƙaninsa mai lambobi takwas yanayi 181,440 gare shi, mafi wuya motsi 31, kowace kwamfuta za ta zagaye shi. Na 15 kuwa ya haura yanayi tiriliyan goma, mafi wuyarsa motsi 80. Nan sai IDA*, dabarar da Richard Korf ya fitar a 1985: a riƙa nutsawa ana komowa ƙarƙashin iyakar yawan motsi, ana kiyasta saura da nisan Manhattan, wato jimlar takun da ke tsakanin kowace lamba da gidanta. Kada a sake lissafa nisan daga farko, lamba ɗaya ce ta motsa, ko a ƙara ɗaya ko a rage ɗaya, shi ya sa iyakar ke hawa bibbiyu. Kada kuma a bar manhaja ta warware motsin da ta yi yanzu-yanzu. Kafin duk wannan a duba ko allon ma yana da mafita, domin tun 1879 masana lissafi Johnson da Story suka tabbatar rabin jeri ba ya warwaruwa. In gurbin da ba komai yana kusurwar ƙasa ta dama, a ƙirga sau nawa babbar lamba ta riga ƙarama. Dole adadin ya zama mai rabuwa biyu daidai, in ba haka ba manhajar za ta yi ta juyawa ba ta tsaya ba.

Waɗanda lokaci bai ba mu damar duba aikinsu ba, ku yi mana afuwa, ku turo, za a duba kowanne. Zama na gaba in sha Allahu Sokoban ne, wasan tura akwatuna zuwa wurarensu, za mu fara da gano akwatin da ya maƙale a kusurwa tun kafin bincike ya ɓata lokaci a kansa. Allah ya kai mu, ya ƙara wa malamanmu lafiya.