Yadda na biya kuɗin digiri na biyu a Amurka

Na yi digirina na biyu a fannin kiwon lafiyar al'umma a wata jami'ar gwamnatin jiha a Amurka, daga Agustan 2023 zuwa Mayun 2025. Da hanyoyi uku na biya kuɗin: bashin gwamnatin tarayya, rangwamen da jami'a ta yi mini, da ladan aikin da na yi wa wata farfesa. Tun farko ya kamata in ce ina da katin zama na dindindin, domin ba kowa ake ba wannan bashi ba. Ɗan ƙasa da mai katin zama da wasu 'yan gudun hijira ne suka cancanta. Wanda ya shigo da bizar ɗalibi ba shi da rabo a ciki, sai ya nemi tallafin jami'a, ko bashin banki wanda galibi sai an samu mazaunin ƙasar ya tsaya masa.

Komai yana farawa ne da fom ɗin da ake kira FAFSA. Kyauta ake cika shi a intanet, kuma duk shekara sai an sake. Mai neman digiri na biyu ana ɗaukarsa a matsayin mai cin gashin kansa, ba a tambayar abin da iyayensa ke samu. Sai dai kyautar Pell, wadda take rufa wa talakawan ɗalibai asiri a digiri na farko, ba ta kaiwa nan. Abin da gwamnati take miƙo wa ɗalibin digiri na biyu kusan duka rance ne.

Da takardar tayin tallafi ta iso, na ga an jera komai a layi ɗaya: rangwamen jami'a a sama, bashi iri biyu a ƙasa, sannan a can ƙarshe aka rubuta cewa abin da ya rage in biya sifili ne. Wanda bai natsu ba sai ya yi hamdala ya danna amincewa. Ni takarda na ɗauko na raba ta gida biyu, abin da ba zan mayar ba a hannun dama, abin da zan mayar da ƙari a hannun hagu. Na hagun ya ninka na daman nesa ba kusa ba.

Basukan nan biyu ba ɗaya ba ne. Na farko, wanda ake ba kowa ba tare da an duba tarihin bashinsa ba, iyakarsa ga yawancin ɗalibai dala 20,500 a shekara. A shekarar da na fara, ruwansa kashi 7.05 cikin 100 ne. Na biyu shi ne Grad PLUS, wanda a lokacin yake cike duk giɓin da ya rage har zuwa ƙiyasin da jami'a ta yi na kuɗin karatu da na rayuwa. Ruwansa kashi 8.05, kuma kafin kuɗin su iso hannunka an zare kashi 4.228 a matsayin ladan bayarwa. Wato idan ka ci dala 10,000, kusan dala 423 ba za ka taɓa ganinsu ba, amma suna cikin abin da ake binka. Na farkon ma ana zare masa, sai dai kashi 1.057 ne kawai. Duk shekara ake sabunta farashin ruwan ga sababbin basuka, bisa ga yadda takardun lamunin gwamnati na shekara 10 suka kasance a watan Mayu, amma wanda ka riga ka karɓa yana nan a farashinsa har ka gama biya. A shekarata ta biyu sun haura zuwa 8.08 da 9.08.

Tun daga Yulin 2012 gwamnati ta daina ɗauke wa ɗaliban digiri na biyu ruwan bashi yayin da suke makaranta. Daga ranar da kuɗin suka shiga asusun jami'a ruwa yake fara hawa. Dala 20,500 a kan kashi 7.05 tana haifar da kusan dala 4 kowace rana, kana aji ko kana barci, kimanin dala 120 a wata. Idan aka bi tsarin biya na shekara 10, wannan bashi guda ɗaya zai riƙa cin kusan dala 240 a wata, jimilla sama da dala 28,000. Da na gama wannan lissafi sai na yanke shawarar ba zan taɓa Grad PLUS ba, kuma na farkon ma ba zan karɓe shi duka ba.

Mutane da yawa ba su san ana iya karɓar rabi a bar rabi ba. Adadin da ke cikin takardar iyaka ce kawai, ƙiyasi ne da ya haɗa da haya da abinci da mota da littattafai na ɗalibin da ba a san shi ba. Idan ka amince da duka, jami'a ta cire nata, sauran a turo maka asusunka. Na ga abokan karatu da suke kiran ranar da wannan saura ya shigo ranar albashi. Ba na zarginsu, wasu da 'ya'ya suke karatun kuma ba su da wata madogara. Amma na ga wanda ya canja waya da kujerun ɗaki da shi, da kuɗin da ruwansu ya kai kashi 8. Cin bashi da daɗi, ranar biya ake jin jiki.

Abin da ya fi rage mini nauyi bai fito daga ofishin tallafin ɗalibai ba. Wannan ofishi aikinsa tsara rance ne. Kuɗin kyauta a digiri na biyu suna hannun sashen da kake karatu da kuma farfesoshin da suka samo kuɗin bincike. Kafin in amsa tayin shiga na rubuta wa shugaban shirin wasiƙa gajera, na ce ina son zuwa, ga abin da wata jami'a ta yi mini tayi, ko akwai abin da za a ƙara? An ƙara ɗan rangwame. Ba mai yawa ba ne, amma ladan wasiƙa ɗaya ne. Jami'o'i da dama sun yi yarjejeniyar ba za su tilasta wa ɗalibi amsa tayin tallafi kafin 15 ga Afrilu ba, saboda haka akwai sararin kwatantawa. Na kuma zaɓi jami'ar jihar da nake zaune, don ɗan jiha yana biyan ƙasa da baƙo sosai, kuma yawanci zaman shekara guda ake nema kafin a lissafa ka ɗan jiha.

Sai aikin taimaka wa malami. A zangon farko na riƙa zuwa ofishin wata farfesa da ke bincike kan rigakafi, ina tambaya a kan darasi, har ta gane na iya sarrafa alƙaluma a kwamfuta. Da gurbi ya samu a zango na biyu, ita ta kira ni tun kafin a manna sanarwa. Aikin awa 20 ne a mako, a yafe maka kuɗin darussa, a ba ka ɗan alawus duk wata. Ƙananan kuɗaɗen jami'a, irin na ɗakin karatu da wasanni da na'urori, suna nan a kanka, kuma idan aka tara su ba ƙanana ba ne. Awa 20 ɗin ma a takarda ne. Makon da za a miƙa rahoto ba mai duba agogo. Na bar aikina na waje saboda shi, abin da ke shigowa gida ya ragu, muka koma ƙaramin gida ni da maiɗakina. Duk da haka lissafin ya fi, domin kuɗin darussan da aka yafe sun zarce abin da na rasa.

Lokacin da aikin ya tabbata, bashin zango na biyu ya riga ya shigo. Wata ma'aikaciyar ofishin tallafi ce ta gaya mini cewa duk abin da aka mayar cikin kwana 120 daga ranar bayarwa, ana soke shi tare da ruwansa da ladan da aka zare, kamar ba a taɓa ci ba. Na mayar da mafi yawansa a makon. A shekara ta biyu kaɗan na ranta, kuma duk wata ina biyan ruwan da ya taru ko da ba a nema ba, saboda duk abin da ka biya daga baya ruwa yake fara cinyewa kafin ya taɓa uwar kuɗi.

Maganar riba ta dame ni, kuma na san tana damun da yawa daga cikinmu. Na kai ta gaban wani dattijo da muke salla tare. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, “Ɗana, malamai sun yi saɓani a kan wanda larura ta kama. Ni tambayata ɗaya ce: ka ƙure sauran hanyoyin?” Na ce, “Baba, ina kan nema.” Ya ce in je in ƙure su tukuna. Ba fatawa nake bayarwa ba, kowa ya tambayi malaminsa. Amma hanyoyin suna nan. Jami'o'i da yawa suna yarda a raba kuɗin zango a biya wata-wata ba ruwa, sai ɗan kuɗin rajista. Wasu ma'aikatu suna biya wa ma'aikacinsu karatu, kuma har dala 5,250 a shekara ba a cire mata haraji. Akwai masu yin karatun rabi-rabi suna aiki, su ɗauki shekara uku ko huɗu su fita ba bashi. Da ban samu aikin farfesar nan ba, wannan ta ƙarshen zan bi.

Bayan kammalawa ana ba da wata shida kafin a fara biya, ruwa kuwa bai tsaya ba. Wani kamfani ne gwamnati take damƙa wa karɓar kuɗin, kuma idan ka yarda a riƙa cira kai tsaye daga asusunka ana rage maka kashi 0.25 daga farashin ruwan, a lokacin da na kammala. Akwai tsarin da ake biya gwargwadon abin da mutum yake samu, akwai kuma shirin yafiya na 2007 ga mai yi wa gwamnati ko ƙungiyar agaji aiki na cikakken lokaci, bayan ya biya sau 120. Ina aiki a inda ya cancanta, ina kuma cika takardar shaidar aiki duk shekara, amma ban jingina da shi ba. Tsarin SAVE, wani nau'in biya gwargwadon samu da aka ƙaddamar a 2023, kotuna suka dakatar da shi a 2024, mutane suka rasa inda suka dosa. Bashina bai kai wanda zan jira shekara 10 a kansa ba, don haka duk abin da ya ragu a wata ina zuba shi a kan mai ruwan 8.08. Wasiƙun kamfanoni masu cewa in dawo da bashin wurinsu a rage mini ruwa kuwa, shara nake zubawa. Wanda ya koma can ya bar damar biya gwargwadon samu da ta yafiya, kuma ba a dawowa.

Wanda zai fara yanzu ba zai tarar da abin da na tarar ba. Dokar da Shugaba Trump ya sa wa hannu ranar 4 ga Yulin 2025 ta rufe Grad PLUS ga sababbin masu ranta daga 1 ga Yulin 2026. Ta bar dala 20,500 a shekara, ta sa iyakar dala 100,000 gaba ɗaya ga digiri irin nawa, sannan dala 50,000 a shekara da 200,000 gaba ɗaya ga masu karatun likita da lauya da makamantansu. A jami'ar da kuɗinta ya wuce haka, giɓin sai banki, banki kuma zai duba tarihin bashinka ko ya ce ka kawo mai tsaya maka. Wani ƙanen abokina da ya samu gurbi a wata jami'a mai tsada ya riga ya zo mini da wannan buƙata. Na ce masa, “Ƙanena, sa hannun nan yana nufin idan ka gaza ni za a kama.” Muka zauna muka rubuta wa sashensa wasiƙar neman aiki, muka kuma cika takardar jami'ar jiha da ke kusa da shi.