Yadda Na Raba Gilashin Talabijin da Sautin Lasifikata

Na yi shekaru ina sauraron kiɗa da lasifika biyu a falona da ke Unguwar Rogo a Jos ba tare da wata damuwa ba, har zuwa ranar da na sayo talabijin mai inci 55 na girke ta a tsakaninsu. A da, idan na zauna daidai tsakiya, muryar mawaƙi takan tsaya cak a gabana, kalangu a dama, goge a hagu. Daga wannan daren muryar ta baje, ta yi kaushi, na kasa nuna inda take fitowa.

Wayoyi na fara zargi, na canza su, kuɗina suka tafi a banza. Wani dattijo mai gyaran rediyo a Terminus ne ya saurari bayanina, sannan ya ce, "Malam, kafin ka sake sayen komai, je ka rufa wa talabijin ɗin bargo ka ji."

Lokacin hunturu ne, barguna suna kusa. Na kashe ta, na lulluɓe fuskarta da mai kauri, na sa waƙar da na fi sani, sai ga muryar ta dawo mazauninta. Daga baya na fahimci dalili. Lasifika ba gaba kaɗai take tura sauti ba, wani yana fita ta gefe, kuma gilashi, saboda taurinsa da santsinsa, ba ya shanye sautin, dawo da shi yake yi. Sauti na tafiya kimanin mita 343 a daƙiƙa ɗaya, don haka idan wanda ya bugi gilashin ya ƙara tafiyar santimita 34, zai iso kunne a makare da kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa. Kunne ba ya ɗaukar wannan a matsayin amsa-kuwwa. Sautukan biyu cakuɗewa suke yi, wasu su ƙaru, wasu su soke juna, kuma muryoyi da siraran sautuka ne suka fi cutuwa.

Bargo ba ya zama a falo kullum, uwargida ma ta faɗa min haka, kuma da gaskiyarta. Saboda haka na kira kafinta ya kafe talabijin ɗin a bango, na jawo lasifikun gaba da kusan santimita 30 yadda fuskarsu ta wuce ta gilashin, na ɗan karkato su suna kallon kujerata. A ganina wannan jawowar ta fi komai amfani, kuma ko sisi ba ta ci ba.

Na gwada rufewa da atamfa, amma ƙura kawai take tarewa, sai abu mai kauri ne yake shanye sauti. Ban taɓa rufe ta tana kunne ba, domin zafi yana buƙatar hanyar fita. Yanzu bargon yana ninke a bayan kujera, ina ɗauko shi ne da daddare idan yara sun kwanta.