Asabar, Fijo ba ta sauka daga kan jak ba

Giyabos yana ƙasa har yanzu, a kan tsohuwar taya. Da murnata kuwa na fita da safe, don fulawil ɗin (faifan ƙarfe mai nauyi da ke tsakanin inji da kuloci) da aka aiko daga kasuwar Ƙofar Ruwa ya iso jiya a motar Kano. Har ƙosai na tsaya na saya wa yaran gareji a Wunti, cikin garin Bauchi.

Fulawil ɗin ya hau karanshaf, wato sandar da inji ke juyawa, lafiya lau, notika suka shige ba gardama. Da aka zo ɗora murfin kuloci ne magana ta ɓaci. 'Yan ƙusoshin nan marasa kai da ke tsaye a fuskar fulawil, waɗanda murfin ke zama a kansu, sun ƙi haɗuwa da ramukansa. Ɗaya ya shiga, sauran suka kauce. Oga, makaniken, ya shafa sawun da tsohon farantin kuloci ya bari a jikin ƙarfen, ya ɗora namu sabo, sai ga namu ya fi faɗi. Mai kayan kuma rantsuwa yake mini a waya, wai daga Fijo 504 ya kwance shi da hannunsa.

Ƙaramin yaron Oga ya ce, "Oga, a fizge su da filaya mana, ai noti ya isa ya riƙe."

Oga ya ajiye sifana. "Kai yaro, noti matsewa yake yi, ba ya saita tsakiya. Ka cire su, murfi ya zauna a karkace, mota ta dinga karkarwa tana cin boris. Kafin a kai Darazo giya ta ƙi shiga."

Shawararsa ita ce mu koma ga fulawil ɗinmu na asali. Haƙoran da kik ke kamawa ne suka cinye, fuskar kuma ta ɗan ƙone. A kai wa masu injin su share ta kaɗan, a cire zoben haƙoran na Kano, a gasa shi ya buɗe, a zura a namu, in girmansu ɗaya ne. Sai ya zauna yana ƙirga haƙoran da ɗan yatsa, fuskarsa a ɗage sama. Ashe idon ya yi nisa haka. Alli ya sa yaron ya shafa a inda ya fara.

Nan jikina ya mutu. Mutumin nan tun ana harhaɗa Fijo a Kaduna, wadda aka fara a 1975, yake kwance su yana ɗaurawa. Shi ya riƙa duba wa marigayi Baba motar nan. Ya ce, "Ɗan Alhaji, ka bari mu gama ta bana." Ban iya ce masa komai ba.

Tuwon rana ya huce a kwano. Kawu ya kira, maganar dai ita ce a sayar da motar. Maman yara ta ga baƙin mai a sabuwar rigata, ba ta tanka ba.

Litinin sai unguwar Railway wajen masu injin. Zan roƙi Oga ya bar yaron ya bi ni, ya ga yadda ake auna kaurin ƙarfen kafin a taɓa shi.