Mun koma Yonkers, bakin kogin da ke tafiya gaba da baya

Wata bakwai ke nan da muka kwashe komatsanmu daga Bronx, a cikin birnin New York, muka koma Yonkers, kuma har yau in na faɗa ma mutanen gida sai su ce "au, kun bar New York ɗin?" Toh a takarda dai mun bar birnin, tunda Yonkers gari ne mai cin gashin kansa, da magajin garinsa da 'yan sandansa, a yankin Westchester yake, amma in kana tafe a kan Broadway ko alamar iyaka ba za ka lura da ita ba, titi ɗaya ne ya miƙe, sai dai kawai ka ga bas ɗin da ke wucewa ba irin ta birni ba ce. Kuma ba ƙauye ba ne fa, a ƙidayar 2020 mutanensa sun haura dubu 211, shi ne na uku a girma a duk jihar bayan birnin New York da Buffalo.

Matsi ne ya kore mu. Yara uku a gida mai ɗakin kwana ɗaya, babbar ta fara zama budurwa, kullum faɗa kan banɗaki da safe. Da Abban yara ya samo mana hawan sama a wani gida na iyali biyu, ɗaki uku har da ɗan fili a baya, ban ma tsaya dogon tunani ba na ce bismillah.

Abin da ba wanda ya faɗa min shi ne tudu. Wallahi garin nan tudu ne zalla, daga bakin kogin Hudson tituna suke fara hawa kamar za su tafi sama, ranar farko da na sauka kasuwar Getty Square da keken jariri na ɗoro shinkafa da man girki da katan ɗin madara, a dawowa sau huɗu ina tsayawa ina haki kamar wadda ta yi tseren gudu, wani tsoho yana zaune a ƙofar gidansa yana kallona yana murmushi, na ce a raina Baba yi dariyarka, ranarka ce. Yanzu na koyi darasi, sauka da ƙafa, dawowa a bas.

Sai kuma shiru. Wannan shi ya fi cin raina a makonnin farko. A Bronx kana saukowa daga bene za ka ci karo da Hausar Zango ta 'yan Gana, ga mutanen Nijar, ga mai ce maka "ina gajiya, ya yara", masallaci a kwana, shagon da za ka samu daddawa da kuka da busasshiyar kuɓewa ba nisa. Nan kuwa ƙarfe takwas na dare layinmu ya yi tsit, kowa ya shige da motarsa ya ja ƙofa, maƙwabci zai ɗaga maka hannu daga nesa shi ke nan an gama gaisuwa. Ni da na tashi a gidan da ba a rufe zaure sai bayan isha'i, na yi kuka ba sau ɗaya ba, ban dai bari Abban yara ya gani ba dan kar ya ce ai da yardata aka taho.

Kogin ne ya fara janye ni daga ɗaka. 'Yar Jimeta ce ni, a bakin Binuwai na girma, so a wurina kogi abu ne da ake shiga, a yi wanki a shanya kan yashi, masu kwalekwale na kiran fasinja, in rani ya yi ruwa ya ja baya a shuka kayan lambu a gaɓa, in damina ta yi nisa kuma kowa kunnensa na kan labarin ko Kamaru za ta saki ruwan dam ɗin Lagdo, wanda ya ga ambaliyar 2012 ya san me nake nufi. Da na ji za mu zauna kusa da kogin Hudson har wani daɗi na ji, na ɗauka tsohon sani zan tarar.

Ina! Wannan kogin na kallo ne. An yi masa dakali da ƙarfen dafawa da kujeru, mutane na zaune da kofi a hannu suna kallon ruwa, a tsallake kuma wasu duwatsu ne miƙaƙƙu kamar an yanka su da wuƙa, Palisades ake ce musu, can ɗin jihar New Jersey ce. In ka juya kudu rana ta yi kyau kana hango gadar George Washington da dogayen benayen Manhattan. Akwai masu jefa ƙugiya, amma hukumar lafiya ta jiha tana gargaɗi kan cin kifin, musamman ga ƙananan yara da matan da ke shekarun haihuwa, saboda wani sinadari mai suna PCB da masana'antu suka yi shekaru suna zubarwa can sama kafin a hana a wajajen 1977, har yau yana cikin laka. Ranar da na karanta allon nan na tuna soyayyen kifin bakin gada na gida, sai da na haɗiyi yawu.

Toh ga abin da ya ɗaure min kai. Wata safiya bayan na raka yara makaranta na zauna a kan benci, na ga wani guntun katako yana tafiya a kan ruwa ya nufi arewa, wato ya baro wajen teku yana hawa sama. Na ce ko idona ne. Na bi shi da kallo har ya ɓace. Da la'asar na dawo da ƙaramin, sai ga ruwan ya juya yana gangarawa kudu abinsa. A'uzubillahi, kogi da ribas? Da dare na tare Abban yara da maganar tun bai cire takalmi ba, ya yi ta dariya ya ce ai tunda teku na kusa, in ta cika sai ta turo ruwa cikin kogin, in ta janye ya biyo ta, kusan sau biyu a kwana ɗaya, kuma turowar tana kaiwa har garin Troy, wajen kilomita 240 daga bakin teku. Shi ya sa ruwan nan wajenmu yake da ɗan gishiri-gishiri. Daga baya na ji wai mutanen asalin wurin, tun kafin zuwan Turawa, sunan da suke kiransa da shi ma'anarsa kogin da ke gudu ta fuska biyu. Tun daga ranar kusan kullum sai na leƙa na ga yau ina ya dosa, ya zame min kamar duba agogo.

A wurin nan na fara sanin mutane, abin mamaki. Akwai wata dattijuwa 'yar Dominika da ke zuwa da jikarta, Turancinta kame-kame nawa ma haka, amma ita ta nuna min laburaren da ke daf da tashar jirgin ƙasa inda ake ba yara kati kyauta, ita ta faɗa min in riƙa karanta allon fakin da kyau dan akwai ranakun sharar titi da ba a barin mota. Ta makara dai, mun riga mun ci tara sau biyu a watan farko, laifinmu ne ba na kowa ba. Wani abin da ya zo mana ba zata kuma, ashe garin yana da nasa ɗan harajin da ake cira a albashin mazauna, Abban yara ya daɗe yana juya takardar albashinsa yana tsaki.

Zirga-zirga kam ba laifi. Jirgin Metro-North yana bin gaɓar kogi tiryan-tiryan, cikin kamar rabin awa ka isa Grand Central, babbar tashar jirgi a Manhattan, in ka samu kujerar taga ta ɓangaren ruwa har ba ka so a iso, sai dai kuɗinsa da zafi. Mu talakawa bas muke hawa zuwa titi na 242 mu kama jirgin cikin birni lamba 1, ya fi jan lokaci amma aljihu ya huta. Ranar Asabar haka nake yi in koma Bronx cefanen kayan miya, in sha hira da Hausa har muryata ta dushe, in dawo da leda niƙi-niƙi. Naman halal dai ana samu a nan, akwai Larabawa da yawa a garin, cikinsu har da 'yan Jodan da suka daɗe.

Gaban tashar jirgin akwai wani ƙaramin rafi, Saw Mill, da aka binne a ƙarƙashin ƙasa tun shekarun 1920 aka mai da samansa wurin ajiye motoci, sai a 2012 aka tone shi aka sake buɗe masa sama, yanzu ruwa na gudu tsakanin duwatsu agwagi na iyo. Yarana sun fi son shi a kan babban kogin, ni ma in na ji ƙarar ruwansa sai in ji kamar ina wani wuri da na sani. Kuma a garin nan ne Elisha Otis ya fara ƙera lif a 1853, na ce lallai, wanda ya zauna cikin tudun nan dole ya yi tunanin abin da zai ɗaga mutum sama.

Jiya na kira Inna ta bidiyo a WhatsApp daga bakin ruwan, na juya mata kyamara. Ta yi shiru tana kallo, can ta ce "ikon Allah, faɗinsa ya kai namu na damina. Ina masu wankin?" Na ce Inna ba a wanki. "Wanka fa?" Na ce a nan wajen dai ban ga mai yi ba. "Kifin?" Na ce sai da lissafi. Ta ce "toh ke 'yar nan me kike zuwa yi kullum?" Na ce zuwa nake in ga ko ya juya. Ba ta gane ba, na yi bayanin teku har sau biyu, ta ce in dai riƙe hannun yaron nan da kyau kar ya matsa kusa da ƙarfen, kuma in faɗa mata in akwai mai tahowa kafin azumi dan ta daka min yaji.