Godiya bayan rufe horon ƙarshen wasa: katunan sun tsira

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Alhamdu lillahi, an rufe horon darar ces da muka yi wa yara kan ƙarshen wasa, wato lokacin da kaya suka rage kaɗan a allo. Jiya bayan la'asar aka naɗe allunan ƙarshe aka mayar wa makaranta ajinta, kuma har yanzu muryar wasu daga cikin masu koyarwa ba ta dawo ba. Duk wanda ya bi mu tun farko ya san abin da ruwan daren Laraba ya yi, ba sai an maimaita ba. Rufi ya yi yoyo ya jiƙa katunan darasinmu, an gani, ya wuce. Godiya ce ta rage a wuyanmu, kuma tana da yawa.

Iyaye da dama sun yi mamakin yadda kwali guda na katuna ya tayar da hankalin manyan mutane har ana kiran waya ƙarfe ɗayan dare. Suna da gaskiyar tambaya. Amsar tana wajen mutumin da aka ɗora horon nan bisa tsarinsa, Mark Dvoretsky, wanda aka haifa a Mosko ranar 9 ga Disamba 1947, ya kuma rasu ranar 26 ga Satumba 2016. A darar ces, wadda malamanmu na zaure suka sani da shaɗaranji, ya yi ƙarfi tun yana saurayi. Ya ci gasar birnin Mosko a 1973. A 1974, a gasar Tarayyar Sobiyet da aka yi a Leningrad, wadda Tal da Beliavsky suka raba kambinta, shi ya raba matsayi na biyar, kuma duk mai bin wasan ya san gasar Sobiyet ta wancan zamani ta fi gasannin ƙasa da ƙasa da yawa zafi. A 1975 ya ci rukuni na biyu a Wijk aan Zee ta ƙasar Holan, ya kuma samu muƙamin IM, mataki ɗaya ƙasa da giranmasta, muƙamin manyan gwanayen wasan. Daga nan hankalinsa ya koma kan koyarwa. Bai taɓa zama giranmasta ba, amma giranmastoci ne suka riƙa zama gabansa da littafi da biro. Cikin shekara huɗu ɗalibansa uku suka zama zakarun matasa na duniya: Valery Chekhov a 1975, Artur Yusupov a 1977, Sergey Dolmatov a 1978. Yusupov ɗin nan a 1986 ya kai na uku a duniya, Kasparov da Karpov kaɗai ke gabansa.

Makaminsa kuwa katuna ne. Shekara da shekaru yana tara matsayai, dubbai, kowanne a katinsa, an ware su bisa darasi. Idan ya ga ɗalibi yana gaggawa, ko yana mance abin da abokin karawa ke nufi, sai ya zaro katunan da suka dace da ciwon, ya jera kayan a allo, ya kunna agogo, ya zauna a ɗaya gefen su buga. Wannan muka kwaikwaya daidai ƙarfinmu. Katinmu rabin takardar A4 ne a kwali mai kauri. A gaba akwai zanen allo, da wanda ke da taku, da mintunan tunani. A baya akwai amsa, sannan takun da yara suka fi faɗawa cikinsa da dalilin da ya sa ba ya aiki. Wannan layi na ƙarshe shi ne mai tsada, don ba a littafi yake ba, daga kallon hannun yara aka tara shi.

To su ne suka kwana cikin ruwa.

Baba Tela na bakin layin makaranta ya ce kada a ambace shi. Baba, ka yi haƙuri, yau dai ba za mu ji maganarka ba. Bai san sarki da doki ba a allo, bai taɓa tambaya ba. Da ya ga ana shanya katuna a kan benci cikin duhu, sai ya koma shago ya hura gawayi a dutsen guga ya dawo da ƙyallen atamfa. Shi ya hana mu kuskuren da ya kusa gama da komai: mun so mu bar su a tare su bushe da kansu zuwa safiya. Ya ce kwali idan ya bushe a manne, fuskar ɗaya za ta bi bayan ɗaya, sai a raba su tun suna da danshi, a sa wuƙar tebur a hankali daga kusurwa. Kuma bai goga dutsen ba kamar yadda ake yi wa riga. Yana ɗora ƙyalle, ya danna, ya ƙirga, ya ɗaga. Guga tana jan tawada, dannawa tana tsayar da ita inda take. Haka ya yi ta yi ɗaya bayan ɗaya har aka kira assalatu. Da aka miƙa masa abin goro ya ture hannun, ya ce jikarsa ma tana cikin ajin. Allah Ya saka maka da gidan Aljanna, Ya ƙara wa idanunka haske, Ya sa jikokinka su riƙe ka kamar yadda ka riƙe katunan nan.

Ga wanda zai haɗa irin wannan kwali nan gaba, ruwan ya bar mana darasi a fili. Katunan da aka buga da firinta mai hoda ko gezau ba su yi ba. Na biro sun yi dishi-dishi amma suna karantuwa. Na maka da na firinta mai tawadar ruwa su ne suka narke, baƙin soja ya zama tabo mai cin gida biyu.

A nan ne tsoro ya shiga. Kati na farko da aka ɗaga a fitilar waya shi ne na matsayin da ɗan wasa Réti ya wallafa a 1921, kuma Dvoretsky ya sa shi a babin sojoji. A allon ces kowane gida da harafi da lamba ake kiransa. Farin sarki a h8, farin soja a c6. Baƙin sarki a a6, baƙin soja a h5. Fari ne da taku. Ido zai ce fari ya mutu, don sarkinsa ba zai kamo sojan h ba, nasa sojan kuma yana bakin baƙin sarki. Amma sarki ya bi karkace: g7, f6, e5. Kowane taku yana kusantar da shi wuri biyu a lokaci guda. Idan baƙi ya tsaya cin sojan c6, farin sarki ya sauka f4 ya tare sojan h. Idan baƙi ya ci gaba da gudu da sojansa, farin sarki ya juya d6 ya raka nasa, kowa ya fito da sarauniya, canjaras. A katinmu tabon ya kwanta tsakanin h5 da h4. Idan aka ɗauka h4 ne, babu wata dabara: sojan ya riga ya tsere da taku ɗaya, fari ya faɗi. Gida guda, hukunci ya juye. Na Réti kowa ya haddace shi, an gyara nan take. Amma sauran fa, waɗanda ba su yi suna ba? Da an sake zana su bisa zato, da an koya wa yara ƙarya da tambarin Dvoretsky a kai, kuma yaro abin da ya fara koya a ƙarshen wasa shi hannunsa ke bugawa idan agogo ya matse.

Kofi ɗaya tak na littafin Dvoretsky da matsayan ke ciki muke da shi, kuma yana hannun babban malaminmu, wanda kun san yana asibiti yana jinyar mahaifiyarsa. Mun yi nauyin kira. Shi ya kira. Ya fito baranda da littafin a cinya, ya riƙa karanto matsayai ta waya har cajinsa ya ƙare, ya ari na maƙwabcin gado ya ci gaba. Ya kafa ƙa'ida tun farko: fari kafin baƙi, sarki kafin kowa, sojoji a ƙarshe, a faɗi jimillar kaya, mai rubutu ya maimaita masa. Da yake b da d da e suna rikicewa a waya, sai ya koma kiran garuruwa, Bauci bakwai, Daura huɗu, Gombe biyu, Haɗeja biyar. Sau biyu yana cewa a dakata, ana jin takunsa ya shiga ɗaki ya dawo. Malam, Allah Ya ba Hajiya lafiya mai ɗorewa, Ya sa kaffara ne, Ya sa wannan dare a mizaninka.

Saboda su biyun nan, Baba Tela da Malam, ba a soke darasi ko ɗaya ba. Littafin da ake magana shi ne Dvoretsky's Endgame Manual, wanda ya fito da Turanci a 2003 aka kuma yi ta sabunta shi. Mai nauyi ne, kuma mu faɗi gaskiya, ba don masu fara wasa aka rubuta shi ba. Wanda ya ce zai bi shi shafi bayan shafi da yaro ɗan shekara goma zai kore shi daga ces gaba ɗaya. Sai dai marubucin ya sauƙaƙa: abin da ya ga wajibi ne kowa ya sani an buga shi da shuɗin rubutu, sauran da baƙi. Shuɗin muka bi, shi ma ba duka ba. Akwai kuma wuraren da yake kawo wasannin manyan 'yan wasa da suka zubar da nasara ko canjaras saboda mance ƙa'ida ƙarama. Yara sun fi son waɗannan, don babu abin da ke kwantar wa yaro hankali kamar ya ga giranmasta ya yi irin kuskurensa.

Kwana huɗu cur aka ba ƙarshen wasa na hasumiya, ɗaya daga cikin kayan ces, kuma ba mu yi nadama ba, babinta ne ma mafi tsawo a littafin. Iyayen da ke son gwada yaransu a gida, ga matsayai guda biyu. Na kare kai shi ne na Philidor, tun 1777. Farin sarki d5, soja e5, hasumiya a7. Baƙin sarki e8, hasumiya h6. Baƙi ya bar hasumiyarsa tana yawo a sahu na shida, ta hana farin sarki hawa. Da zarar soja ya taka e6, ta faɗa h1 nan take, ta riƙa cak, wato kai wa sarki hari, daga baya, don sojan ya cinye gidan da sarkinsa zai laɓe. Inda yara ke faɗuwa: su yi jinkirin taku ɗaya a sahu na shida. Sai farin sarki ya shiga d6 yana barazanar kisa a a8, wasa ya tafi. Wasu kuma su kwantar da hasumiya a sahun ƙarshe kusa da sarki, su ce tsaro ne. Wannan yana tsira ne kawai idan sojan na layin gefe ne ko na layin doki, a tsakiyar allo hasara ce.

Na ci kuma shi ne wanda ake kira na Lucena, ko da yake ba a littafin Lucena yake ba, a na Salvio na 1634 aka fara ganinsa. Farin sarki b8, soja b7, hasumiya c1. Baƙin sarki d8, hasumiya a2. Fari ya yi cak a d1 ya kori sarki zuwa e7, sannan ya ajiye hasumiya a d4. Bayan haka ne sarki zai fito: c7, b6, c6, b5, ana yi masa cak yana saukowa, har hasumiya ta shiga b4 ta zama gada. Yaro mai gaggawa yakan fito da sarki kafin ya kai hasumiya sahu na huɗu, sai cak ya hana shi sakat, ya koma ƙarƙashin sojansa yana mamaki. An ba kowane yaro minti biyar a agogo ya buga shi ta ɓangarori biyu, sau uku a jere ba kuskure, kafin a sa masa hannu a kati. Kafin kowane taku kuma sai ya faɗi da baki abin da abokin karawa zai yi da a ce shi ne da taku. Wannan tambaya Dvoretsky ya yi ta nanata ta a littattafan da suka fito daga makarantar da suka yi da Yusupov a farkon shekarun 1990, kuma ita ce abin da ya fi wuyar shiga kan yaro.

Sauran godiya a taƙaice, ba don ƙanƙanta ba. Shugabar makaranta da ta ba mu aji na biyu ba tare da takarda ba. Inna mai ƙosai da ta riƙa ƙara wa yara ba ta ƙirga ba. Mai shagon caji da ya jawo mana waya daga injinsa. Direban A Daidaita Sahu da ya riƙa mayar da 'yan mata gida kafin magariba. Iyaye mata da suka zauna a tabarma suna kallon abin da ba su gane ba don kawai 'ya'yansu su ɗaga kai su gan su. Allah Ya raya muku zuri'a, Ya buɗa muku ƙofofin arziki, Ya kare ku daga sharrin dare da rana, Ya jiƙan magabatanku, Ya sa mu gama da duniya lafiya.

'Yan'uwa na jini da aka jera wa kujeru a gaba ranar rufewa, mun san hidima ta yi yawa, kuma har yanzu wasu na ganin wannan wasa zaman banza ne. Ba komai. Kujerun ba su zauna haka ba, almajiran layin sun hau sun kalli wasan ƙarshe, ɗaya ma ya tambayi yadda doki ke tsalle.

An sa katunan duka a leda mai zafi, an mayar da su akwatin roba mai murfi, kuma ba za su sake kwana a ƙasa ba. Har yanzu ana neman baƙin doki ɗaya da farin soja biyu daga allo na shida, a duba aljihun yara kafin wanki. Akwai kuma silifa ƙafa ɗaya da kwanon sha mai ruwan ɗorawa, suna shagon Baba Tela.