Na taka ƙasar da wuri ya fito

Kwana uku ke nan da dawowata daga Maldibs, ƙasar tsibirai da ke Tekun Indiya, har yanzu in na kwanta sai in ji gadon yana lilo kamar ina cikin jirgin ruwa.

Tun daga sauka aka ɓata mini rai. Wani jami'i ya riƙe koren fasfona ya fi minti arba'in yana jujjuya shi, Turawan da ke bayana suna ta wucewa. Ko amsa sallamata bai yi ba. Ga shi a ƙasar da tsarin mulkinta na 2008 ya ce wanda ba Musulmi ba ba zai zama ɗan ƙasa ba!

Male, babban birnin, ɗan tsibiri ne da za ka zagaye da ƙafa tsakanin la'asar da magariba, amma cunkoson babura kamar Kantin Kwari a jajibirin Sallah. Ana kiran salla sai ka ga an rufe shaguna. A Hukuru Miskiy na yi magariba, masallacin da Sarki Ibrahim Iskandar ya gina a 1658 da dutsen murjani. Na shafa bangon, ƙanƙararre ne mai ƙananan huji, an sassaƙa shi da zane kamar aikin wuyan babbar riga. Liman ya bayyana bisimilla, don su Shafi'awa ne. Ni kuwa na saki hannuna yadda na saba.

Wannan sakin hannun ne ya haɗa ni da wani dattijo. Da aka sallame ya kamo hannuna, ya tambaye ni da Larabci mai kyau: "Ɗana, Bamalike ne kai?" Na ce, "Ƙwarai, Baba." Sai ya ja ni tsallaken titi ya nuna mini hubbaren Abul Barakat, malamin da ake cewa daga Magrib ya zo, kuma a hannunsa sarkinsu ya bar addinin Buda ya musulunta a 1153. Ya ba ni labarin aljanin teku da ake kai wa budurwa duk wata, har malamin ya shiga ɗakin a madadinta ya kwana yana karatun Alƙur'ani, aljanin bai ƙara dawowa ba. Nan take Sarki, macijin rijiyar Kusugu ta Daura, ya faɗo mini a rai. Ya ce lokacin da Ibn Batuta ya yi musu alƙalanci, wajen 1344, duk Malikawa ne, kuma mace ce ke sarauta, Khadija.

Bai bar ni na koma masauki ba sai da na ci abincin gidansa: romon kifi da shinkafa, da lemon tsami da barkono. A waje kuwa tsada sai wanda ya gani, don kusan komai shigo da shi ake yi. Kuɗin farantin shinkafa ɗaya a wurin baƙi zai ciyar da gida guda a Fagge.

Da muka shiga siyasa sai fuskarsa ta canza. Ya ce bayan Ingila ta sake su a 1965, aka soke sarauta a 1968, Maumun Abdul Gayum, wanda ya yi karatu a Azhar, ya hau mulki a 1978, ya mulke su shekara 30 cif. A 1988 sojojin haya daga Siri Lanka suka nemi kifar da shi, sai da Indiya ta turo dakaru. Muhammad Nashid ya kayar da shi a 2008, shi ma ya sauka cikin rikici a Fabrairun 2012. A ranar ce wasu suka kutsa gidan tarihi suka farfasa gumakan Buda na murjani. Na je na ga abin da ya rage, kuma abin ya sosa mini rai. Babu mai bauta musu yau, shaida ce kawai ta inda Allah ya fito da mutanen nan. Kuma a daidai lokacin da ake fasa dutse, giya na zuba a tsibiran shaƙatawar baƙi, don a nan kuɗin ƙasar yake. Na faɗa wa Baba haka, ya yi shiru, ya ƙara mini shayi.

Abin da ya fi tsaya mini shi ne wuri. Tun ina yaro nake jin "kuɗi wuri na gugar wuri", ban taɓa tunanin daga wannan tekun ake kwaso shi ba. Ganyen kwakwa suke shimfiɗawa a ruwa, ƙwarin su manne, a shanya a rairayi har su bushe. Daga nan jiragen ruwa su yi ta yawo da shi, har ya iso Kano a zamanin Sarki Muhammadu Sharefa, farkon ƙarni na 18. Da shi kakanninmu suka biya sadaki da haraji. A wani shagon tsaraba aka ce mini ƙulli ɗaya dala 10. Na taya 3, muka daidaita a 5.

Na kwana biyu a tsibirin Mafushi, jirgin ruwan gwamnati ya fi na 'yan kasuwa araha nesa ba kusa ba. Ƙasar a shafe take, ko tudu ɗaya ban gani ba, teku kuma yana cin gaɓa. Utimu, garin Muhammad Takurufanu da ya kori Turawan Fotugal a 1573, kuɗina bai kai ni ba.

Wurin na kai wa Hajiya. Ta zube shi a tabarma tana ƙirgawa biyar-biyar, ta ce haka kakarta take yi.